Yadda za ka koma wa wasan takobi da sihiri da ka jingine

Yawancin masu PS4 a Damagaram da ƙwallo suka buɗe ido. A zauna a gidan wasa a Zango ko Sabon Gari, a buga minti goma, wanda aka ci ya miƙa manet. Da wannan sabon ne mutum ke sayen faifan The Witcher 3 ko Skyrim ko Elden Ring, ya yi awa biyu ko uku, ya ce wasan surutu ne ko kuwa wasan mugunta, ya jefa shi cikin akwati. Irin waɗannan wasanni, da ake kira RPG, an gina su ne a kan awa 50 zuwa 100, kuma awanninsu na farko su ne mafi rashin daɗi. Wanda zai koma musu sai ya fara gano takamaiman abin da ya kore shi, ya gyara shi, sannan ya yanka wa wasan wa'adi. Komawa haka kawai da fatan wannan karon zai yi daɗi, ƙarshenta a wuri ɗaya ake sake tsayawa.

Misalan jagorar nan daga wasanni uku suke: Skyrim na kamfanin Bethesda a Amurka, wanda ya fito a 2011, The Witcher 3 na CD Projekt Red a Poland, 2015, da Elden Ring na FromSoftware a Japan, 2022.

Mataki na 1: Gano inda ka tsaya da dalilin tsayawar

Kafin ka kunna komai, tuna wuri na ƙarshe da ka bari. Dalilan ba su cika wuce waɗannan ba. Ko wani dodo ya yi ta kashe ka har ka ƙosa. Ko ka ɓata, ayyuka ashirin a jere ba ka san wanne za ka bi ba. Ko labarin ya wuce ka saboda harshe ko ƙanƙantar rubutu. Ko motsin jarumin ya yi maka nauyi a hannu. Ko kuma laifin na'ura ne: zafi, sarƙewar hoto, ɗaukewar wuta da ta cinye maka ajiya.

Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Wanda harshe ya kora, rage wuyar faɗa ba za ta amfane shi da komai ba. Wanda na'urarsa ke sarƙewa, ko sau goma ya sake sabon jarumi haka hoton zai ci gaba da tsalle.

Mataki na 2: Shirya na'ura tukuna

Wannan matakin ya fi muhimmanci a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera wasannin, don haka kada a tsallake shi.

Sony ta ƙayyade wa PS4 zafin ɗaki tsakanin digiri 5 da 35. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura 40 da rana, kuma ɗakin kwano ya fi waje. Wasan ƙwallo na minti goma ba ya gasa na'ura kamar yadda RPG ke yi, domin shi awa biyu ko uku yake riƙe ta tana aiki da iyakar ƙarfinta. Lokacin bazara ka mayar da wasanka bayan isha'i ko da sanyin safiya. Ka ɗora na'urar a kan tebur mai tauri, ba kan katifa ko darduma ba, ka bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, kuma kada ka sa ta cikin kabad mai ƙofa.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta biyu. Idan fanka tana ƙara kamar injin niƙa tun a mintunan farko, ƙura ta toshe hanyar iska. A PS4 Slim da Pro murfin sama yana ɓallewa da hannu ba sai an kwance noti ba. Cire wayar wuta, ɗaga murfin, riƙe fankar da yatsa don kada ta juya, ka share da buroshi mai laushi. Idan ƙarar ba ta ragu ba, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ƙarfen sanyaya ya bushe, wannan kuwa aikin mai gyara ne. In ba a wasa, a rufe ta da ƙyalle, amma sai ta huce.

Sai wuta. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da wasa ke rubuta ajiya ita ke lalata fayil. Ƙaramar na'urar riƙe wuta, wadda masu shago ke kira UPS ko ondular, mai ƙarfin 650 VA, tana isa ta riƙe PS4 da tele 'yan mintuna. Mintunan na adanawa da kashewa ne, ba na ci gaba da faɗa ba. Kada ka bar PS4 a yanayin barci, mai lemun fitila, ka fita. Kashe ta ɗungurungum. Idan wuta ta riga ta yi ɓarna har na'ura tana jan ƙafa, kashe ta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, haɗa manet da waya, ka zaɓi lamba 5, wato sake gina rumbun bayanai. Wannan ba ya goge ajiya. Zaɓuɓɓukan da ke ƙasa da shi masu mayar da na'ura sabuwa su ne ke share komai, ka nisance su.

Kwafin ajiya ya zama al'ada. A PS4 ka shiga saiti, sashen kula da bayanan ajiya, ka kwafa zuwa kile USB da aka tsara a FAT32 ko exFAT. Sai asusun da ya taɓa shiga PSN, hanyar intanet ta PlayStation, ko da sau ɗaya ke iya yin haka. Mai wasa a na'urar wani ko a gidan wasa ya buɗe sunansa na kansa a na'urar, in ba haka ba wani zai zo ya rubuta sabon wasa a kan nasa. A kwamfuta, ajiyar Witcher tana cikin Documents a jakar The Witcher 3, ta Skyrim kuma cikin My Games. Kwafa su mako-mako.

Mai kwamfuta ya duba ƙarfinta da gaskiya. Witcher 3 a fitowarsa ta farko yana neman RAM giga 6 da katin hoto irin GTX 660. Skyrim Special Edition na 2016 yana neman giga 8. Elden Ring yana neman giga 12 da GTX 1060, kuma kwamfutar ofis mara katin hoto na daban ba za ta ɗauke shi ba ko me aka rage. Kwamfutar cinya a yi wasa tana jone da caja, domin a kan batir tana rage gudunta da kanta. A sauko da hoto zuwa 720p, a rage inuwa, a Witcher a kashe HairWorks, a tsayar da gudun hoto a 30. Talatin da ba ta rawa ta fi hamsin mai hawa da sauka daɗin faɗa.

Game da sabuntawa: tana cin giga masu yawa, amma ga Witcher 3 ta cancanci kuɗin forfe. Sabuntawar 1.07 ta 2015 ce ta kawo akwatin ajiye kaya da sabon salon motsi. Wanda ya buga faifan farko ba intanet, wasan da bai gama nuna ba ya buga. Ka sauke sau ɗaya, sannan ka kashe saukewa ta kai tsaye don kada ta riƙa shan data a ɓoye.

Mataki na 3: Tsohuwar ajiya ko sabon farawa

Idan abin da ka yi bai kai awa 10 ba kuma ka fi wata uku rabonka da wasan, fara sabo. Awannin farko su ne ke koyar da maɓallai, kuma hannunka ya manta su. Za ka wuce su da rabin lokacin da ka ɓata a baya.

Idan ka haura awa 20, kada ka zubar da wahalarka. Buɗe ajiyar, karanta kundin ayyuka da bayanan mutanen da ka haɗu da su, sannan ka koma yankin farko ka yi minti 30 kana dukan ƙananan maƙiya har hannu ya dawo. Jarumin da aka raba wa maki barkatai ma yana gyaruwa. A Witcher akwai maganin da ke dawo da dukan makin gwaninta, kuɗinsa 1,000 na kuɗin wasan, ana samunsa wurin matsafiya Keira Metz a yankin Velen. A Elden Ring, bayan ka kayar da Rennala za ta sake raba maka maki idan ka kawo mata abin da ake kira Larval Tear.

Tarko ɗaya da ke kama masu musayar faifai: a PS4, ajiyar Witcher 3 ta faifan farko ba ta buɗewa da faifan Game of the Year, haka nan ajiyar faifan Turai ba ta cika buɗewa da na Amurka ba. Na Turai yana ɗauke da tambarin PEGI, na Amurka ESRB. In ka ari faifai don ci gaba da tsohuwar ajiya, nemi irin na da sak.

Mataki na 4: Minti goma a cikin saiti

Harshe tukuna. Ka sa rubutu a harshen da kake karantawa ba tare da tsayawa ba, Faransanci ne ko Turanci. Witcher 3 na kwamfuta har da rubutun Larabci. Faifan da ya shigo ta Kano ko Maigatari zai iya zama ba Faransanci a cikinsa, duba bayan kwali kafin ka biya. Ka kuma sani sunayen wurare suna canzawa da harshe, abin da ke rikita mai neman taimako a YouTube: a Faransanci, garin Whiterun na Skyrim shi ne Blancherive, yankin Limgrave na Elden Ring shi ne Nécrolimbe.

Tele kuma a sa ta a yanayin wasa, wanda ke cikin saitin hoto. Sauran yanayoyin suna ƙawata hoto amma suna jinkirta shi, sai ka danna gocewa a kan lokaci a ganinka, alhali sara ya riga ya sauka. Da yawa daga masu cewa Elden Ring ya fi ƙarfinsu, telensu ce ke cin amanarsu. Wanda kansa ke juyawa ya kashe dusashewar motsi, ya ɗan ja baya daga allo, ya bar fitila a kunne.

Rage wuyar wasa ba abin kunya ba ne, kuma a Skyrim lissafin a fili yake. A matakin Adept duka ɗaya ne da ɗaya. A Apprentice dukanka yana ƙaruwa da rabi, na maƙiyi ya ragu da kwata. A Legendary kwatan dukanka kawai ke shiga, nasu ya ninka uku. Maƙiyan ba su ƙara wayo ba, lissafin duka kawai ya canza. A Witcher matakai huɗu ne. A biyun farko zaman tunani na awa ɗaya a agogon wasan yana cika jini, a biyun sama ba ya cikawa. Mai dawowa ya fara da na biyu. Ana iya canzawa a kowane lokaci. Elden Ring ba shi da wannan zaɓin, sauƙinsa a cikin filin wasa aka ɓoye shi.

Mataki na 5: Gyaran da kowane wasa ke bukata

*Elden Ring.* Mutum biyu ke korar sabbin shiga: mahayin doki mai sulken zinariya da ke sintiri a bakin ƙofar farko, da Margit a gadar gidan sarauta. Na farkon an ajiye shi ne don ka koyi kewayewa. Bi ta gefe cikin itatuwa zuwa cocin Elleh. Daga nan ka nufi arewa zuwa wurin hutawa na Gatefront, inda Melina za ta ba ka doki Torrent da ikon ƙara mataki. Koma cocin Elleh da dare, wata mace mai suna Renna za ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohi da kyarketai uku. In ka rasa ta, ana sayar da ƙararrawar a Roundtable Hold, matattarar da Melina za ta kai ka daga baya. Kyarketan nan suna ɗauke hankalin babban maƙiyi kai kuma kana sara ta baya, kuma don amfani aka sa su.

Hasken da ke fita daga wuraren hutawa yana nuna maka hanyar Margit. Ka ƙi bin sa tukuna. Hau doki ka yi kudu, ka ƙetare gada zuwa Weeping Peninsula. Coci uku a can kowanne yana da Sacred Tear, mai ƙara yawan jinin da kwalbar magani ke mayarwa. Ƙananan itatuwa masu haske suna da Golden Seed a gindinsu, mai ƙara yawan kurɓi.

Maki kuwa, zuba su a Vigor. A 10 jininka 414 ne, a 20 ya kai 652, a 40 ya kai 1,450. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba komai a ƙarfin sara, alhali a farkon wasa ƙarfin sara daga maƙera yake fitowa. Kai makami zuwa +3 yana cin dutsen ƙira mai lamba ɗaya guda 12, wato 2, 4, 6, kuma ramin haƙar ma'adinai da ke gefen tafkin Agheel cike yake da su. Maƙerar cocin Elleh a +3 take tsayawa, abin da ya wuce haka sai wurin maƙeri Hewg a Roundtable Hold. Ka zaɓi makami ɗaya ka yi ta ɗaga shi, kada ka rarraba duwatsu.

Duba nauyin kayanka. Ya haura kashi 70 cikin ɗari, mirginawarka ta zama ta mai ɗauke da buhu, kuma kowane sara zai same ka. Makamin da ke rataye a gurbin hannu yana cikin lissafi ko ba ka amfani da shi, wanda ke cikin jaka ba ya ciki. Garkuwa mai tare duka ɗari bisa ɗari tana sauƙaƙa farkon wasa ƙwarai: tare sara, nan take ka danna R2, ramuwar tana girgiza maƙiyi.

Kan babban maƙiyi, ka yi abin da ɗan dambe mai hankali ke yi a turmin farko, ido a kan hannun abokin karawa. Shiga sau uku ba da niyyar ci ba. Ƙirga sara nawa yake jerawa da inda yake tsayawa ya numfasa. Margit yana ɗaga sanda ya riƙe ta sama da gangan don ka yi saurin mirginawa. Jira sai ta fara saukowa, kuma ka mirgina zuwa cikinsa, ba baya ba. Kashe kuɗinka kafin ka shiga, domin suna zubewa a inda ka mutu, kuma mutuwa biyu a jere ba tare da ka ɗauko su ba tana cinye su. Akwai kuma akwati a kangon da ke cikin tafkin Agheel wanda ke jefa mutum wani rami a Caelid, yankin da ya fi ƙarfin sabon shiga nesa ba kusa ba. In ya ritsa da kai, kada ka yi faɗa, ruga ƙasa zuwa bakin ramin, ka huta a wurin hutawa, tafiya ta taswira za ta buɗe.

*The Witcher 3.* Masu barin sa kashi biyu ne: waɗanda motsin Geralt, jarumin wasan, ya dama, da waɗanda Velen ta haɗiye. Na farko su shiga saitin wasa su mayar da salon motsi zuwa na biyun, juyawarsa za ta yi sauri nan take.

A faɗa, takobin ƙarfe na mutane da namun daji ne, na azurfa na dodanni. Maɓallin da'ira gocewa ce gajera, X mirginawa ce mai nisa wadda ke tsayar da dawowar ƙarfin sihiri, don haka da'ira ce ta yau da kullum, X sai ga manyan dodanni. Kafin kowane faɗa ka sa Quen, garkuwar sihiri mai shanye duka ɗaya. Sara biyu, goce, sake Quen. Da wannan kaɗai ana wuce rabin wasan.

Abin da ya fi ɓata wa mutane jarumi shi ne sayen gwaninta ba tare da sa ta a gurbi ba. Gwanintar da ba ta cikin gurbi ba ta aiki sam. Guraben kaɗan ne a farko, saboda haka gwaninta biyu ko uku da aka cika sun fi takwas da aka taɓa sama-sama, kuma a haɗa su da ƙwayar mutagen mai launi irin nasu. A White Orchard, yankin farko, akwai duwatsun iko shida, kowanne yana ba da maki ɗaya kyauta. Tattara su kafin ka tafi Velen. Magani kuma sau ɗaya ake haɗa shi. Da ka haɗa Swallow, mai mayar da jini, duk zaman tunani zai sake cika shi muddin akwai barasa mai ƙarfi a jakarka. Masu ɓoye magani don ranar wuya wahalar banza suke sha.

A Velen, kashe alamomin tambaya da ke cike da taswira. Su ne ke sa mutum jin kamar bashi ake bin sa. Aikin da lambarsa ta yi ja ya fi ƙarfinka, maƙiyi mai alamar ƙoƙon kai a guje shi, aikin da ka wuce da mataki shida kuma ladansa ya zama kaɗan. Bi babban labari har ka gama na Bloody Baron da iyalinsa, a nan ne wasan ke nuna abin da ya iya. Ka riƙa duba takubba wurin maƙeri, domin wanda ya dakushe yana rage sara ba tare da ka lura ba.

Wannan wasan tambarin shekara 18 gare shi, kuma da dalili: akwai tsiraici tun a mintunan farko, da ashar, da jini. Ba na falo ba ne inda ƙanne da yara ke zaune. Yawancin fitowar soyayya ana kauce musu ta zaɓin magana. Skyrim ma 18 ne, Elden Ring 16.

*Skyrim.* Matsalarsa a ɓoye take. Kowace sana'a ka ɗaga tana ɗaga matakin jarumi, maƙiya kuma suna girma tare da matakin. Wanda ya kai mataki 20 da ƙira da buɗe kwaɗo da ciniki zai tarar da maƙiyan mataki 20 alhali hannunsa na faɗa yana na 5. Zaɓi hanyar kisa ɗaya, takobi da garkuwa ko baka ko sihirin wuta, da nau'in sulke ɗaya, ka zuba makin matakai goma na farko a kansu, mafi yawan ƙarin kuma a jini. Duwatsu uku da ke kan hanyar Riverwood kowanne yana hanzarta koyon sana'o'insa da kashi 20, taɓa wanda ya dace da kai.

Kaya 300 kake iya ɗauka a farko. Ƙashin dodon sama ɗaya nauyinsa 15, don haka daina kwasar kwanuka da tsofaffin sulke. Bayan ka kashe dodon farko a hasumiyar yammacin Whiterun za a ba ka Lydia, ta yi faɗa ta kuma ɗauki kaya. Dodannin ba sa fara yawo a duniya sai bayan wannan aikin, wanda ke son ya ƙarfafa a natse yana iya jinkirta shi. Ƙattan da ke kiwon giwaye a bar su, dodon ƙanƙara da ke kan hanyar High Hrothgar, gidan ibadar da ke kan dutse, kuma wuta ce maganinsa. Mai kwamfuta da ke son ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke yi ya tsaya a biyu ko uku, ya sa su kafin ya fara sabon wasa, domin cire su a tsakiya yana lalata ajiya.

Mataki na 6: Tsarin zama

Zaman minti 15 ba ya isar RPG, kafin ka tuna inda kake lokaci ya ƙare. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sau uku a mako, ya fi kwana guda cur sannan a yi sati biyu ba a taɓa ba. Kowane zama da aiki ɗaya: yau kogon nan, yau labarin nan. Kafin ka kashe, rubuta layi biyu a waya, inda kake da abin da za ka yi gaba.

A Witcher da Skyrim, ajiya da hannu a gurabe uku, kana juya su, kafin babban faɗa da kafin babban zaɓi. A Skyrim na kwamfuta F5 ke adanawa nan take. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayarwa, saboda haka kada ka shiga babban faɗa dab da kiran salla. Zauna a wurin hutawa, ko ka fita ta menu, zai mayar da kai daidai inda ka tsaya. Idan maƙiyi ɗaya ya kashe ka sau goma a jere, bar shi ka tafi wani yanki ka dawo da mataki biyar a sama. Neman taimako a intanet ya tsaya a kan abin da ya tare ka kaɗai, kallon labarin gaba yana kashe sha'awar zuwa can.

Mataki na 7: Wa'adi

Sa wa kanka alama tun kafin ka fara. A Witcher, ƙarshen labarin Baron. A Elden Ring, gama yankin kudu da kayar da Margit. A Skyrim, hawa High Hrothgar da gama ayyuka biyar na ƙungiya ɗaya, ko ta mayaƙan Whiterun ko makarantar sihiri ta Winterhold. Kowanne yakan ci awa 8 zuwa 15. Kafin alamar ba a yanke hukunci.

In ka kai, tambayoyi biyu sun isa. Kana tunanin wasan lokacin da na'ura ke kashe? Abin da ya kore ka da farko ya tafi, ko yana nan? Idan yana nan bayan duk gyaran, salon ne bai dace da kai ba, kuma inda ya gaza zai nuna maka na gaba. Wanda yawan magana ya gundura a Witcher ya jarraba Elden Ring, inda kusan komai faɗa ne da yawo. Wanda mutuwa ta gajiyar a Elden Ring ya koma Skyrim a matakin Apprentice. Wanda ya ga labarin Skyrim ba gishiri, Witcher ne nasa. Kafin ka ba da faifan musaya, kwafi ajiyar a kile, ka rubuta lambar CUSA da ke gefen kwalin, don in ka sake neman irinsa ka samu wanda zai buɗe ta.